Laftof Ɗin Hannu: Abin da Sabuwar Ma'adana da Sabuwar Windows Ke Gyarawa, da Abin da Ba Sa Taɓawa

Da yawa daga kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai, malamai da masu shagunan buga takardu a Arewacin Najeriya da Nijar ba sababbi aka saye su ba. Na hannu ne, waɗanda 'yan kasuwa ke kira tokumbo. Kamfanoni da ma'aikatu a Turai da Amurka sun more su na wasu shekaru, suka sallame su, dillalai suka tattaro, suka sauka a kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, daga nan suka watsu zuwa Titin Beirut a Kano, Banex a Abuja da sauran kasuwanni. Wanda ya sayi irin wannan, shawara biyu yakan fara ji tun kafin ya bar shagon: a sa mata ma'adanar SSD, a kuma yi mata fomatin.

Shawarwarin biyu suna da tushe, sai dai an ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu. Wasu sun ɗauka da zarar an canza ma'adana an sake ɗora Windows, to kwamfuta ta zama sabuwa, duk wani kulle da ke kanta ya tafi. Wasu kuma tsoro suke ji, suna ganin cire ma'adanar da ta zo da ita zai tafi da lasisin Windows. Fahimtar biyu duk kuskure ce, kuma asalinsu ɗaya: rashin bambance abin da ke zaune a kan ma'adana da abin da ke zaune a kan bod.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Ma'adana ita ce ɓangaren da ke riƙe da komai ko bayan an kashe kwamfuta: hotuna, takardu, manhajoji, har da ita Windows ɗin. Daban take da RAM, wadda ke riƙe abin da ake aiki da shi a daidai lokacin kawai, tana kuma mance komai da zarar an kashe. A kasuwa dukansu ana ce musu memori, shi ya sa mai saye kan ji "giga 8" da "giga 256" ya rasa wanne ne wanne. Ma'adana rumbu ce, RAM kuwa ƙwaryar da ake ɗibar hatsin yau a ciki. Faɗaɗa rumbu ba ya ƙara wa ƙwarya girma.

Babbar manhaja ita ce mai tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, sauran manhajoji a kanta suke hawa. Windows ta Microsoft ce aka fi sani, akwai kuma macOS ta Apple da Linux mai iri-iri. Bod shi ne babban allon lantarki da ke cikin kwamfutar, inda aka manna masarrafa, wato guntun da ke yin lissafin komai, irin su Core i5 da Ryzen 5. A jikin bod akwai wata 'yar manhaja da ke tashi tun kafin Windows ta farka, wadda har yau ake kira BIOS duk da cewa sabon salonta UEFI ne sunansa. Direba ƙaramar manhaja ce da ke koya wa Windows yadda za ta sarrafa wani ɓangare, kamar sifika ko katin Wi-Fi. Fomatin kuwa, a bakin masu gyara, shi ne a share ma'adana a ɗora babbar manhaja daga farko.

Ma'adana iri-iri, mazauni iri-iri

Tsohuwar ma'adana, HDD, faifai ne da ke juyawa a cikin gwangwani, sau 5,400 a minti a yawancin laftof, da wata allura mai yawo a samansa tana karantawa. Gudunta bai cika wuce megabayit 100 da ɗoriya a daƙiƙa ba, kuma faɗuwa ɗaya tana cikin aiki na iya gamawa da ita. SSD ba ta da abin da ke motsi, guntayen lantarki ne zalla. Mai hawa ta hanyar SATA tana kai wa megabayit 550 a daƙiƙa, mai hawa ta NVMe kuma 3,500 ko fiye.

Alƙaluman nan suna ruɗin mai saye. Abin da ke sa tsohuwar kwamfuta nauyi shi ne dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse, waɗanda allura sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da aka kunna Windows ko aka buɗe manhaja. SSD kowace iri ce tana kawar da wannan jiran. Saboda haka tashi daga HDD zuwa SSD mai SATA canji ne da kowa zai gani da idonsa, amma daga SATA zuwa NVMe mai aikin rubutu da intanet da ƙyar zai ji bambanci. Ƙarin kuɗin ya fi amfani a kan RAM, musamman ga kwamfuta mai giga 4.

Sai batun mazauni. Akwai ma'adana mai inci 2.5, girman tsohuwar HDD, akwai kuma siririya da ake kira M.2, wadda aka fi samu da lambar 2280, ma'ana faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80. M.2 sunan siffa ne kawai. Abin da ke ciki yana iya zama SATA, yana iya zama NVMe. Wani bod ɗin guda ɗaya yake karɓa, kuma abin takaicin shi ne ma'adanar na iya shiga ramin daidai, a ɗaure ta, kwamfutar ta ƙi ganinta. HP, Dell da Lenovo suna ajiye littafin gyaran kowane samfuri kyauta a shafukansu, kuma duba shi kafin saye ya fi tambayar mai sayarwa. Wasu kwamfutocin ma ba a canza musu ma'adana ko kaɗan: ƙananan masu araha da ke zuwa da eMMC mai giga 32 ko 64 an manne musu ita a kan bod, haka ma duk MacBook mai masarrafar M1 ta 2020 da waɗanda suka biyo baya.

Ganin ma'adanar giga 256 ta nuna 238 a Windows ba cuta ba ce, hanyar ƙirge ce ta bambanta. Mai giga 500 ma 465 take nunawa. Cutar gaske ita ce ta jabun SSD da ke da'awar girman da ba ta da shi, da tsohuwa gajiyayya da aka sake wa kwali. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna awannin da ma'adana ta yi tana aiki da lafiyar da ta rage mata, H2testw kuma tana cika ta da bayanai ta sake karantawa don gano girmanta na gaskiya. Dukansu kyauta ne. Sannan a sani cewa SSD ba ta farfaɗo da mataccen baturi, ba ta kuma hana kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka yin zafi tana rage gudu.

Abin da ke zaune a kan bod

Tun daga Windows 8 a 2012, manyan kamfanonin kwamfuta sun daina manna lambar lasisi a takarda a ƙarƙashin laftof, suka koma binne ta a cikin BIOS. Da Windows 10 ta fito a 2015, Microsoft ya ƙara wani tsari: idan aka taɓa halasta Windows a kan kwamfuta, yana ajiye shaidar bod ɗinta a wurinsa. A cire ma'adana a sa wata, a ɗora Windows daga farko, da zarar ta hau intanet za ta halasta kanta ba tare da an rubuta lamba ba. Sharaɗin shi ne nau'in ya zama ɗaya. Kwamfutar da lasisinta na Home ne, in aka ɗora mata Pro, za ta nuna ba ta da lasisi. Wannan yana yawan faruwa, domin mai gyara yakan riƙe filash ɗaya da yake ɗora wa kowa daga ciki, kuma idan ta ƙi halasta sai a sa mata manhajar fasa lasisi. A ƙarshe kwamfuta mai halastaccen lasisi a cikinta ta koma aiki da na sata ba gaira ba dalili.

Kamar yadda lasisi ke bin bod, haka kulle ma. Kalmar sirrin BIOS ba a kan ma'adana take ba, don haka ko sau nawa aka canza ma'adana tana nan. A kwamfutocin ofis irin su ThinkPad, Latitude da EliteBook, cire ɗan baturin bod ma ba ya goge ta. Kwamfutar na iya yin aiki lafiya da wannan kullen a kanta har sai ranar da aka so a canza wani saiti don ɗora Windows, sannan a tarar da ƙofa a garƙame.

Kullen da ya fi ba mutane mamaki shi ne na Autopilot. Tsari ne da Microsoft ya yi wa kamfanoni: suna rajistar shaidar kowace kwamfutarsu, ta yadda duk lokacin da aka ɗora mata sabuwar Windows ta hau intanet, za ta nuna sunan kamfanin ta nemi ma'aikaci ya shiga da adireshinsa. Idan mai sayarwa ya kammala saitin farko ba tare da intanet ba, mai saye ba zai ga komai ba. Sai bayan watanni, ya yi fomatin, ya tsinci sunan wani kamfani da bai taɓa ji ba a fuskar kwamfutarsa. Wannan ba lallai ne ya zama shaidar sata ba, sau da yawa kamfanin ne ya sayar da kayansa ya manta bai cire su daga rajista ba. Amma ko ya aka yi, cirewar tana hannun wanda ya yi rajistar. Akwai kuma Absolute, wadda a da ake kira Computrace, manhajar bin sawu da ke zaune a BIOS tana dawo da kanta bayan an sake ɗora Windows. A ɓangaren Apple, MacBook da aka ɗaure da asusun tsohon mai ita tana neman kalmar sirrinsa bayan an share ta.

Abin da wannan ke nufi ga mai saye a fili yake. Gwajin da ya fi muhimmanci ba na sifika da kyamara ba ne. A shiga BIOS a tabbata ana iya canza saiti ba a nemi kalmar sirri ba, sannan a nemi a ɗora Windows a gaban mai saye tare da haɗa ta da intanet tun a saitin farko, kafin kuɗi ya bar hannu. In ba zai yiwu ba, a rubuta a rasit cewa za a karɓi kayan idan kulle ya bayyana.

A kwafe ko a ɗora daga farko?

Masu gyara sun kasu kan wannan. Wasu sun fi son kwafe tsohuwar ma'adana ɗungurungum zuwa sabuwa da manhaja irin Clonezilla. Hujjarsu mai ƙarfi ce: direbobi suna nan, manhajoji suna nan, ba a ƙona data, kuma mai kwamfuta ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wasu kuma suna ganin kwafewa tana ɗauko komai, har da datti da ƙwayar cuta.

Duka biyu suna da gaskiya, a wurare daban-daban. Wanda ya daɗe da kwamfutarsa, ya san abin da ya ɗora mata, yana son sauri kawai, kwafewa ta ishe shi. Amma Windows ɗin da aka tarar a kan kwamfutar hannu ta bi ta hannun da mai saye bai sani ba. Sau da yawa tana zuwa cike da Office, CorelDRAW da Photoshop waɗanda aka fasa, kuma ana ɗaukar wannan a matsayin gyara daga mai shago. Matsalar ita ce manhajar fasa lasisi ba ta cika shiga ba sai an kashe kariyar Windows an ba ta cikakken iko, kuma babu mai iya cewa abin da ta shigo da shi ya tsaya a kan lasisi. Ga mai shiga asusun banki ko ajiye bayanan jama'a a kwamfutar, sharewa da ɗora sabuwa daga shafin Microsoft ya fi kwanciyar hankali.

Akwai hanya ta uku da mutane ke gwadawa: zare ma'adanar tsohuwar kwamfutarsu su sa a wadda suka saya. Windows 10 da 11 sukan tashi a sabon gida su nemo direbobi da kansu, amma lasisin ba ya biyo ma'adanar. Idan kuma an kulle ta da BitLocker, tsarin Windows na ɓadda bayanai, za ta nemi wata lamba mai alƙaluma 48, wadda in babu ita babu mai buɗewa. Ma'adanar da aka tsara da tsohon salo na MBR ma ba za ta tashi a kwamfutar da aka saita kan UEFI zalla ba, domin ita salon GPT take nema.

Inda aikin ke cijewa

Aikin kansa bai da wuya. Ana buƙatar filash mai aƙalla giga 8, a sauko da Windows daga shafin Microsoft, a rubuta ta a kai da manhajar kamfanin ko da Rufus. Fayil ɗin ya haura giga 5, ban da sabuntawar da za ta biyo baya, don haka a tanadi data. Kafin a buɗe cikin kwamfuta a zare caja, a cire baturi ko a zare wayarsa daga bod. Bayan an sa ma'adana, ana kunnawa ana danna F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, don zaɓar tashi daga filash.

Wurare kaɗan ne ke kayar da mutane. Na farko, a wasu kwamfutoci masu masarrafar Intel zubi na 11 zuwa sama, Windows takan ce ba ta ga ma'adana ba alhali tana ciki lafiya lau. Direban RST na Intel ne babu, kuma ko dai a sa shi a filash ko a kashe saitin VMD a BIOS. Na biyu, a gama ɗorawa a tarar babu Wi-Fi, ga shi Windows 11 tana neman intanet kafin ta kammala saiti. Saukar da direban Wi-Fi tun kafin a fara, ko haɗa waya da kebul a ari intanet ɗinta, yana warwarewa. Na uku ya fi ciwo: idan ma'adana biyu ne a ciki, kuskuren zaɓi ɗaya a shafin share ɓangarori yana tafiya da aikin shekaru. Cire wadda ba a son taɓawa kafin a fara shi ne rigakafi. Ɗaukewar wuta a tsakiyar ɗora Windows ba ta wuce a sake daga farko ba, amma a tsakiyar sabunta BIOS tana iya kashe bod, shi ya sa bai kamata a yi shi a kwamfuta mai mataccen baturi ba.

Harshe ma yana shigowa. Kwamfutar da ta fito daga Faransa tana zuwa da madannai masu jerin AZERTY, wanda ya dace da mai aiki a Maraɗi ko Damagaram amma yake rikita wanda ya saba da QWERTY a Katsina. Sake ɗorawa yana ba da damar zaɓar harshe da jerin madannai, sai dai rubutun da ke jikin maɓallan ba zai canza ba. Windows tana kuma da madannan Hausa da ake ƙarawa daga saiti, masu ba da ɓ, ɗ da ƙ.

Wace babbar manhaja?

Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10, tare da shirin ƙarin sabuntawar tsaro ga ɗaiɗaikun mutane zuwa 13 ga Oktoban 2026. Ƙarewar tallafi ba ta kashe kwamfuta. Ramukan tsaron da aka gano daga baya ne ba za a toshe ba. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da masarrafar Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Duka waɗannan a kan bod suke, babu ma'adanar da za ta kawo su.

Zubin masarrafa yana cikin lambarta: i5-6300U zubi na 6 ne, i5-8250U na 8. Jin "Core i7" kaɗai bai isa ba, domin i7 na zubi na 4 ba ya cikin jerin waɗanda Windows 11 ke karɓa, i3 na zubi na 8 kuwa yana ciki. Samfurori da suka cika kasuwanninmu, irin su Folio 9480m da EliteBook 840 G3, duk suna ƙasa da layin. Ana iya sa ran irinsu su ƙara kwararowa, tunda kamfanonin waje suna sallamar abin da bai cika sharaɗin ba, kuma araharsu na iya jan wanda bai san dalilinta ba.

Ra'ayi ya rabu kan mafita. Wasu suna ɗora Windows 11 ta hanyar tsallake sharuɗɗan, abin da Rufus ke iya yi, kuma tana aiki; sai dai Microsoft bai yi alƙawarin ci gaba da ba irin wannan kwamfuta sabuntawa ba. Wasu suna zama a kan Windows 10, wanda bai da laifi ga kwamfutar da ke buga takardu ba ta hawa intanet. Wasu kuma suna komawa Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne, suna tafiya da sauƙi a tsofaffin kwamfutoci, kuma kullen Autopilot bai shafe su ba. Ga ɗalibi mai rubutu da bincike wannan ya wadatar. Ga mai shagon zane da ke cin abinci da CorelDRAW, ko cibiyar da manhajar aikinta a Windows kaɗai take hawa, ba mafita ba ce.

Tsohuwar ma'adana da sirrin da ke cikinta

Goge fayil ko yin fomatin na gaggawa ba ya share bayanai; sunayensu kawai yake cirewa daga jeri, kuma manhajoji kyauta irin su PhotoRec suna dawo da su. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa binciken da suka yi kan ma'adanai 158 na hannu da suka saya: 12 kacal aka share yadda ya kamata, kuma sun tsinci dubban lambobin katin banki a sauran. Kwamfutar da aka saya na iya zuwa da sirrin wani a cikinta, kuma tono shi cin amana ne. Haka ma ma'adanar da mai gyara ya cire ya ce zai rage kuɗin aiki da ita tana ɗauke da hotunan iyali, hoton katin shaida da kalmomin sirrin da manhajar shiga intanet ta ajiye. Ga makaranta, asibiti ko shagon da ke riƙe bayanan jama'a a Najeriya, batun ya wuce na kunya, domin dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora musu alhakin tsare su.

HDD ana share ta ne ta hanyar rubuta sifili a kanta gaba ɗaya, abin da cikakken fomatin na Windows ke yi idan aka cire alamar gaggawa. SSD ba ta sharuwa sosai ta wannan hanyar saboda yadda take rarraba rubutu a cikinta, don haka ana amfani da umarnin sharewa na musamman da ke cikin BIOS na kwamfutoci da yawa ko manhajar kamfanin da ya ƙera ta. Wanda bai shirya yin wannan ba gara ya karɓi ma'adanarsa daga hannun mai gyara, ya saya mata ɗan gida mai kebul ɗin USB, ta zama wurin ajiyar kwafin takardunsa. Wadda ta mutu kuma har ba a iya share ta, a huda faifanta da ƙusa kafin ta tafi wurin 'yan gwangwan.